Kajin Eusebia

Matakala ɗari uku da sha ɗaya
tsakanin titi da ƙofar Eusebia.
Ni na ƙirga su, da buhun dankali a kafaɗa,
a kan dutsen nan mai leƙen birnin Lima
ta cikin yayyafin da bai taɓa zama ruwan sama ba.

A unguwarmu in ciwo ya fi ƙarfin aljihu,
ba ofis ake kai kuka ba, kaza ake soyawa.
Mun buga tikiti ɗari biyu, sol sha biyar-biyar,
da hotonta na kafin gashi ya zube,
tana dariya, wushirya a waje.
Na tallata a kasuwa, na tallata a bakin coci,
har Don Teófilo mai kanti, sarkin maƙo,
ya karɓi huɗu, ya ce kar kowa ya ji.
To, ga shi an ji.

Sankarar mama ce.
Ta fara kamar ƙwayar masara,
ta ce kaluluwa ce, za ta baje.
Ba ta baje ba.
Duk Talata Nicanor ya goyo ta zuwa titi,
ya kwantar da ita a babur ɗinsa mai ƙafa uku,
sai asibiti, layi tun asuba,
ruwan magani yana ɗiga, ɗis, ɗis,
kowane ɗigo cefanen mako.

Lahadi muka tsayar.
Asabar da yamma ta riga mu,
kaji na kwance a baho uku
cikin tafarnuwa da jan barkono.

Na ce, Nicanor, a mayar wa kowa kuɗinsa.
Ya daɗe yana kallon igiyar shanya
inda shuɗin siket ɗinta bai gama bushewa ba.
Ya ce, Hermelinda, hura wutar.
Ya zaro takarda daga cikin hularsa,
rubutu a karkace, kamar sawun kaza:

"In ban kai ba, kar ku saya min akwati mai sheƙi,
tsutsa ba ta duba fenti.
A gado na tara akwai yarinya daga Puno,
uwarta kan kwali take kwana a ƙofar asibiti.
Ku kama mata ɗaki.
Abin da ya saura ku kai wa siririyar likitar nan
da ta yanki ciwona ta sa a kwalba.
Ta ce karanta shi take yi.
Ku ce mata ta ɗan hanzarta."

Haka muka yi Lahadin:
gawa a ɗaki, kasko a tsakar gida.
Mutane suka hau dutsen cikin baƙaƙen kaya,
su shiga su yi addu'a, su fito su miƙo tikiti.
Mai na tsalle yana ƙona min hannu, ban ji ba.
Hayaƙi ya rufa mana asiri,
kowa ya ce shi ne ya shigar masa ido.

Ɗakin wata huɗu muka biya.
Uwar yarinyar ta riƙe makullin da hannu biyu
kamar mai tsoron ya tashi sama.

Dakta Huamán ba ta yi min daɗin baki ba.
Ta ce wannan ba zai wuce gilasan gwajin wata ɗaya ba,
amma ta rubuta rasit, da sunan Eusebia a kai.
Ta ce in sa ido a madubin na'urarta.
Na ga ɗigo-ɗigo ruwan hoda, sun yi cincirindo.
Na ce, ita ce wannan?
Ta ce a'a, wanda ya ɗauke ta ne.
Na ƙura masa ido har ƙwalla ta dame shi.
Ashe ɗan mitsitsi ne.

Da dare na hau dutsen, ban ƙirga komai ba.
Gobe sai in kankare kaskon nan.
An ce surukin mai gyaran takalma
ya fara tarin da ba ya jin magani.